SHAWARA DA MANOMA KAFIN A KEƁE DUWATSU: LABARIN DUWATSUN GHAT NA ƘASAR INDIYA

An shirya wannan bayani domin Hakimai da Malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu ta haɗa da duwatsu da gandun daji. Abin da ke cikinsa labari ne na wata doguwar jayayya da ta tashi a ƙasar Indiya tun shekarar 2010, a kan yadda za a tsare waɗansu manyan duwatsu ba tare da an toshe wa manoman da ke zaune a kansu hanyar abinci ba. Ƙasar tana da nisa, amma al'amarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a zauren da a ke maganar iyakar gona da daji.

Duwatsun da amfaninsu

Duwatsun Ghat na Yamma sun miƙe ne a gefen teku ta yammacin Indiya, tun daga kusa da kogin Tapti a arewa har zuwa ƙarshen ƙasar ta kudu, tsawon wajen kilomita 1,600, watau kimanin mil 1,000. Sun ratsa Jihohi shida: Gujarat, da Maharashtra, da Goa, da Karnataka, da Kerala, da Tamil Nadu. Dutsen da ya fi tsawo a cikinsu shi ne Anamudi na Jihar Kerala, mai mita 2,695, ya ɗara Chappal Waddi na ƙasar Gashaka wanda shi ne mafi tsawo a Nijeriya.

Daga watan Yuni iskar damina ta kan taso daga teku ɗauke da hadari, ta bugi waɗannan duwatsu, ta zubar da ruwa mai yawan gaske. Kurmin da ke kansu shi ke riƙe ruwan. Ganyayen itatuwa su kan rage ƙarfin saukarsa, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya shanye shi, saiwoyi kuwa su ɗaure ƙasar kada ta zame, sa'an nan ruwan ya riƙa fitowa sannu sannu ta idanun ruwa har cikin rani. Daga nan manyan koguna uku su ke fitowa, Godavari da Krishna da Kaveri, waɗanda su ke ratsa ƙasar zuwa gabas, mutane fiye da miliyan 200 suna sha suna ban-ruwa da su. Akwai giwaye da damisa a kurmin, da tsire-tsire da kwaɗi iri iri waɗanda ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. Saboda haka ne a 2012 hukumar UNESCO ta sa wurare 39 na duwatsun cikin jerin kayan gadon duniya.

In an sare kurmi, ko an fasa dutse da nakiya, ko an yanka gangare domin hanya da gine-gine, sai ruwa ya riƙa gangarowa gaba ɗaya. Ƙasar da ta jiƙe ta yi nauyi ta kan zame ta rufe abin da ke ƙarƙashinta, koguna su yi ambaliya da damina, su ƙafe da wuri da rani. Wannan shi ne dalilin da ya sa Gwamnatin Indiya ta ga lalle a yi doka.

Mutanen da ke kan duwatsun

Duwatsun nan ba kufai ba ne. Akwai ƙabilun asali da su ke zaune cikin kurmin tun kaka da kakanni. Akwai kuma manyan gonakin ganyen shayi da gahawa da aka kafa tun zamanin mulkin Ingilishi. Amma waɗanda maganar ta fi shafa su ne ƙananan manoma, musamman a lardin Idukki da lardin Wayanad na Jihar Kerala, masu eka ɗaya ko biyu na masoron Indiya, da gahawa, da roba, da rogo, da wani ɗan kayan ƙamshi da a ke kira kadamon, wanda Larabawa su kan sa a gahawa.

Yadda waɗannan manoma suka hau duwatsun yana da muhimmanci ga fahimtar abin da ya biyo baya. A lokacin yaƙin duniya na biyu shinkafar da a ke kawowa daga Burma ta yanke, yunwa ta kama mutanen bakin teku, hukuma da kanta ta ƙarfafa wa talakawa su hau dutse su sare daji su noma abinci. Suka hau, suka sha wuyar zazzaɓi da giwaye, suka kafa garuruwa. Da yawa daga cikinsu ba a ba su takardar mallakar gona ba. A 1961 aka tashi iyalai masu yawa daga wani wuri da a ke kira Ayyappancoil saboda aikin madatsar ruwa ta Idukki, aka zube su a wani fili cikin ruwan damina, har abin ya zama babbar magana a Jihar. Daga baya aka yanke cewa wanda ya shiga daji kafin ran 1 ga Janairu 1977 za a tabbatar masa da gonarsa, amma aikin ba da takardun ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Har wa yau a 2003 Jihar Kerala ta yi wata doka wadda ta ba Ma'aikatar Daji ikon karɓe filin mutum in an ce fili ne mai rauni da ke manne da gandun daji, ba tare da diyya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Manomin da ya san waɗannan abubuwa, da ya ji an ce ana auna ƙauyensa domin tsare daji, abin da zai fara zuwa ransa shi ne tashi.

Kwamiti na farko

A watan Maris 2010 Ma'aikatar Muhalli da Daji ta Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Madhav Gadgil, wani shahararren masanin halittu. Suka zaga, suka yi bincike, suka miƙa rahotonsu a ƙarshen Agusta 2011. Sun ce duwatsun duka wuri ne da ya ke bukatar lura, suka kasa su daraja uku bisa ga rauninsu. A daraja ta farko suka ce kada a ba da izinin sabon haƙar ma'adinai, waɗanda a ke yi kuwa a rufe su cikin shekara biyar, kada a gina sabuwar babbar madatsar ruwa, kada a kafa masana'anta mai gurɓata ruwa da iska. Game da noma suka ce a janye maganin ƙwari na kanti sannu a hankali cikin waɗansu shekaru, kuma a gangaren da ke sauka fiye da ƙafa 30 cikin kowace ƙafa 100 a rage shuka ta shekara shekara wadda a ke kafce ƙasa dominta, a koma ga itatuwa masu daɗewa. Sun kuma ce a riƙa biyan manomi lada in ya bar itatuwa a gonarsa ko ya tsare ƙasarsa daga zaizaya.

Akwai wata shawara a rahoton wadda ita ce gindinsa. Tun gyaran tsarin mulki na 1992, kusan kowane ƙauye a Indiya yana da taron jama'a da doka ta san da shi, wanda a ke kira gram sabha, watau taron dukan baligan da sunansu ke cikin littafin zaɓe. Kwamitin ya ce taswirar da ya zana ta share fage ce kawai, gama ya yi ta ne da manyan murabba'ai masu wajen kilomita 9 kowane gefe, sa'an nan ya ba kowace gunduma darajarta. Ya ce a juya rahoton cikin harsunan Jihohin, a kai shi gaban taron kowane ƙauye, su mutanen su faɗi inda iyaka za ta bi da abin da za a hana da abin da za a bari.

Ba a yi haka ba. Ma'aikatar ta ajiye rahoton wata tara ba ta fito da shi ba, sai da wani mutumin Kerala ya kai ƙara bisa dokar 'yancin neman bayani, Babbar Kotun Delhi ta tabbatar da hukuncin a watan Mayu 2012. Sa'an nan aka sa shi a intanet, da Turanci, fiye da shafi 500, aka ba jama'a kwana 45 su faɗi ra'ayinsu. Manomin kan dutse bai gan shi ba, ko da ya gani ma ba zai iya karantawa ba. Abin da ya iso kunnensa shi ne abin da waɗansu suka ce rahoton ya ce. Jita-jita ta cika kasuwanni, har ana cewa za a tilasta wa kowa ya shafa wa gidansa koren fenti, za a hana gina asibiti da makaranta, za a mai da ƙauyuka daji. Masu fasa dutse da masu kwasar yashi, waɗanda su ne dokar za ta fi taɓa aljihunsu, ba su da dalilin gyara wannan zance. Gwamnatocin Jihohi kuwa suka ƙi rahoton, suna ganin zai tsai da ayyukansu.

Kwamiti na biyu

A watan Agusta 2012 aka naɗa wani kwamiti ƙarƙashin Dokta K. Kasturirangan, tsohon shugaban hukumar binciken sararin sama ta Indiya, domin ya duba rahoton farko da ƙorafin da aka yi a kansa. Ya miƙa nasa a watan Afrilu 2013. Wannan kwamiti ya yi aiki da hotunan tauraron ɗan'adam, ya raba ƙasar gida biyu, wadda mutane suka mai da gonaki da garuruwa, da wadda ta ke daji har yanzu. Ya ce a keɓe kashi 37 cikin 100 na duwatsun, watau murabba'in kilomita 59,940, a cikin ƙauyuka 4,156. Abubuwan da ya hana kaɗan ne: haƙar ma'adinai, da fasa dutse, da kwasar yashi, da tashar lantarki mai ƙona gawayi, da masana'antu mafi gurɓatawa, da gine-gine masu faɗin murabba'in mita 20,000 zuwa sama. Bai hana noma ba.

Ko da shi ke ya fi na farko sassauci, shi ne ya jawo babbar tarzoma, saboda abu biyu. Na farko, hoton da aka ɗauka daga sama ba ya rarrabe kurmi da gonar da ke da itatuwa. Shi kadamon a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa a ke shuka shi, gonar roba kuwa daga sama kamar daji ta ke. Sai ya zamana manomin da ya bar itatuwa a gonarsa shi ne aka rubuta gonarsa cikin daji. Na biyu, kwamitin ya ɗauki ƙasar ƙauye ɗungum a matsayin ma'auni: in kashi 20 cikin 100 na ƙasar ƙauye ya faɗa cikin wurin da a ke son tsarewa, sai a sa ƙauyen duka, da kasuwarsa da gidajensa. Ƙauye a lissafin Kerala kuwa babban yanki ne mai dubban mutane, ya fi kama da ƙasar babban Dagaci. Ta haka ƙauyuka 123 na Kerala suka shiga, fiye da sulusinsu a lardin Idukki kaɗai. Shi Gadgil da kansa ya rubuta wa Kasturirangan buɗaɗɗiyar wasiƙa yana sukar sabon rahoton, musamman domin ya ture maganar taron ƙauye gefe.

Ran 13 ga Nuwamba 2013 Ma'aikatar ta ba da umurni a fara aiki da hane-hanen nan take. Cikin kwana biyu aka ƙone ofishin ma'aikatan daji a garin Thamarassery, aka ƙone motoci, aka rufe kasuwanni da hanyoyi a lardunan kan dutse. A Idukki wata ƙungiyar manoma wadda limaman cocin Katolika suka ja gabanta ta tsai da harkoki cik. A zaɓen 2014 wakilin Idukki a Majalisar Tarayya, P. T. Thomas, wanda ya goyi bayan rahoton Gadgil, jam'iyyarsa ba ta sake tsai da shi a kujerar ba, lauyan ƙungiyar manoman ne ya ci ta. Daga nan kowane ɗan siyasa a yankin ya gane inda iska ta ke kaɗawa.

Awon da aka yi a ƙasa

Gwamnatin Kerala ta naɗa nata kwamiti na mutum uku ƙarƙashin Farfesa Oommen V. Oommen. Su waɗannan sun yi abin da ya kamata a yi tun farko. Suka bi lardunan kan dutse suna zama da jama'a, suna karɓar takardun kuka, sa'an nan aka kafa ƙaramin kwamiti a kowace majalisar ƙauye, da shugaban majalisar, da malamin filaye, da malamin gona, da malamin daji, suka fita da taswira suna duba fili fili, suna ware gona da gida daga daji. Da aka gama, abin da aka keɓe a Kerala ya sauko daga murabba'in kilomita 13,108 zuwa 9,993.7, kuma 9,107 daga ciki dama can gandun daji ne. Watau fiye da murabba'in kilomita 3,000 na gonaki da mazaunin mutane ne aka cire. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo.

Gwamnatin Tarayya ta karɓi wannan lissafi, ta buga daftarin doka a watan Maris 2014 mai murabba'in kilomita 56,825: Karnataka 20,668, Maharashtra 17,340, Kerala 9,993, Tamil Nadu 6,914, Goa 1,461, Gujarat 449. Daftarin ya bayyana cewa ba za a tashi kowa ba, ba a kuma taɓa noma ba. Amma amana ta riga ta ɓaci. Karnataka ta ƙi shi sau da yawa, sauran Jihohi suka yi ta neman a rage musu, ita Kerala ma ta nemi a ƙara ragewa. Wa'adin daftarin ya kan ƙare a sake bugawa: a 2015, da 2017, da 2018, da 2022, da kuma ran 31 ga Yuli 2024, karo na shida ke nan. Cikin waɗannan shekaru goma dokar dindindin ba ta tabbata ba.

Abin da jinkiri ya haifa

Ruwan sama bai jira a gama shawara ba. A watan Agusta 2018 ambaliya ta kashe mutane fiye da 400 a Kerala, fiye da miliyan ɗaya suka kwana a sansani. A Agusta 2019 ƙasa ta zame a Kavalappara da Puthumala ta binne gidaje da mutanensu. A Agusta 2020 haka ta faru a Pettimudi cikin lardin Idukki, ta faɗa wa ɗakunan leburorin gonar shayi da dare. Ran 30 ga Yuli 2024 kuma dutse ya zubo wa Mundakkai da Chooralmala a lardin Wayanad, mutane fiye da 200 suka rasu, kwana ɗaya kafin a buga daftari na shida.

Ba daidai ba ne a ɗora kowace irin wannan masifa a kan fasa dutse ko saran daji. Ta Wayanad daga cikin kurmi ta taso, bayan ruwa mai tsanani na kwana biyu, kuma masana sun nuna cewa ɗumamar yanayi tana ƙara wa irin wannan ruwa ƙarfi. Amma abin da ya tabbata shi ne, waɗanda su ke mutuwa su ne ƙananan manoma da leburori, su ɗin da aka ce ana ƙin dokar domin a kare su. Tsarin da zai hana gini a bakin rafi da ƙarƙashin gangare mai haɗari, da zai tsai da nakiya kusa da gidaje, amfaninsu ne kafin na kowa, sai dai ba a zo musu da shi ta hanyar da za su karɓa ba.

A cikin lardin Idukki ɗin nan akwai shaidar cewa mutane su kan ba da hannu in an sa su cikin aiki. A gandun namun daji na Periyar, tun wajen 1998, an kafa ƙananan ƙungiyoyi da mazauna gefen daji. Waɗansu mutane da dā su ke shiga a ɓoye suna ɓare ɓawon itace suna sayarwa, aka ɗauke su suka zama masu gadi da jagoran baƙi, suna samun abin masarufi ta halal. Da ya ke sun san kowace hanya ta ɓarayi, tsaron gandun ya ƙaru.

Abin lura ga Hakimai da Malamai

A nan gida akwai duwatsu masu irin wannan matsayi. Kogin Kaduna da kogin Gongola daga tudun Jos su ke fitowa, duwatsun Mambila da na Gashaka suna ciyar da Binuwai, mutanen Gwoza da Sukur kuwa sun daɗe suna jera duwatsu hawa hawa a gonakinsu domin riƙe ƙasa. Duk sa'ad da maganar keɓe wani wuri ta taso, Hakimi ne tsani tsakanin hukuma da talakawa, saboda haka ga abin da ya kamata a kiyaye.

Na ɗaya, a fito da magana da wuri, cikin harshen da mutane su ke ji. Takardar da aka ɓoye ta kan haifi labarin da ya fi ta muni. Aikin Malamin Hakimi ne ya nemi kwafi, ya juya, a karanta a gaban Dagatai da Masu Unguwa da ranar kasuwa, a bayyana abin da aka hana ɗaya ɗaya, da abin da ba a hana ba.

Na biyu, kada a amince da taswirar da aka zana a ofis sai an taka ƙasar da ƙafa, tare da masu gonakin da makiyaya da dattawan da suka san tsofaffin iyakoki. A rubuta gona, da saura, da burtali, da mashaya, da maƙabarta, da wurin itacen wuta da magani, kowane da sunan mai hakki a kansa.

Na uku, a warware maganar mallakar gona kafin a kawo maganar tsare daji. Mutumin da ba shi da tabbacin gonarsa ba ya sauraron wa'azin itatuwa.

Na huɗu, a rarrabe ƙaramin manomi da mai babbar sana'a. Hakimi ya lura da wanda ke magana da sunan talakawa a taro, ya bincika ko kukan nasu ne ko na mai motocin yashi da katako.

Na biyar, in an hana mutum wani abu da ya ke ci da shi, a faɗa masa abin da zai samu a madadinsa, da lokacin da zai samu, a rubuta, a cika.

Na shida, shawara tana da ranar gamawa. Bayan an ji kowa, an gyara abin gyarawa, sai a yanke, a sanar da dalili, domin ƙasar da ta jiƙe a kan gangare ba ta san ana taro ba. Malami ya ajiye littafin dukan zaman da aka yi, da ranarsa, da sunayen waɗanda suka halarta, da kukan da aka kawo da amsar da aka bayar, a aika da kwafi ga Majalisar Sarki, ɗaya kuma ya zauna a ofishin Hakimi inda duk mai bukata zai iya zuwa a karanta masa.